Farar Leda a Hannun Baba

"Duk shekarun nan a jami'a, abin da kika samo ke nan?" Baba ya ɗaga 'yar farar ledar da yatsa biyu.

"Sinadarin ƙarfe ne a jikinta," in ji 'yarsa, tana zuge jaka. "In tana bushe, fara ce. Da danshi ya taɓa ta, sai ta koma ruwan hoda. Saboda ita aka ɗauke ni aiki."

"A wata uwa duniya."

"Baba, ba na so in tafi ba ka sa min albarka ba."

"Wa ya riƙe ki? Na ma samu ɗakin zuba tsofaffin tayoyina."

Ya juya ya fuskanci taga. Mota ta yi hon a waje. 'Yarsa ta tsaya a bakin ƙofa tana jira. Bai waiwayo ba, sai ya miƙo ledar ta baya.

"Karɓi tarkacenki. Ni ko a jikina."

Ta karɓa. Tsakiyar ledar ta yi ɗigo-ɗigon ruwan hoda.

"Baba?"

"Rufin nan yoyo yake," in ji shi.

Rabon garin da ruwan sama har an manta.