Gurbin Alhaji Ɗanasabe da Motar Shara

Da hantsin Talata Alhaji Ɗanasabe na zaune cikin motarsa a ƙofar gidansu da ke unguwar Mount Hope ta birnin New York, hula a karkace, turare na tashi, ido a kan madubi. Yau dai ba kansa yake kallo ba. Motar shara yake jira, mai share titi da buroshi.

Dokar gari ce: Talata da Juma'a da hantsi a janye motoci daga wannan gefen titi a ba motar shara hanya, wanda ya ƙi ya sha tikitin tara. Masu wayo ba sa zuwa ko'ina. Zama suke yi cikin mota, sau da yawa in direban ya ga mutum a ciki sai ya kewaye shi ya wuce. Da haka Alhaji ya riƙe gurbin ƙofar gida shekara da shekaru. Daga matakala zuwa sitiyari, takalminsa ko ƙura ba ya ɗauka.

Da ya ji wasu garuruwan na ba mazauna unguwa famit ɗin fakin, New York kuwa ta hana, sai ya buga nasa, da hotonsa cikin babbar riga, ya ɗora a gilashin gaba. Tattabaru kaɗai suka taɓa sa masa hannu.

To, bana abubuwa suka juya wa bawan Allah baya. Da farko likita ya auna tumbinsa ya girgiza kai, wai sai ya riƙa tafiya a ƙasa kullum. Alhaji ya ce shi bai baro Maraɗi ya ƙetare teku don ya zo ya yi ta taka ƙasa ba. Bai gama hucewa ba kuma aka canza direban motar shara.

Sabon direban nan ba shi da tsoron Allah. Ya kewaye motar gaba, ya kewaye ta baya, har motar wata tsohuwa da ke barci baki buɗe ya kewaye. Amma da ya iso kan Alhaji sai ya ja birki ya danna hon, buroshi na ta juyawa, ya ƙi gaba ya ƙi baya sai an tashi. Titin kuwa hannu ɗaya ne. Kafin Alhaji ya zagayo, Kadri, maƙwabcinsa ɗan Kumasi mai tasi, ya riga ya shige gurbin yana cin shinkafa da wake.

"Massa Alhaji, sannu! Na ga wuri empty, na ce kar ya lalace."

Haka nan dattijo mai mutunci zai yi ta yawo neman fakin har can ƙasan tudu, bayan gadar jirgi, ya hawo gida a ƙafa, shadda jiƙe da gumi. Sai an yi kwana biyu yana wannan hawa da sauka kafin ya ƙwato gurbinsa, ranar shara kuma ta sake zagayowa.

Da yamma yakan kai ƙara wajen matarsa Muniratu. Ita tun asuba take fita aiki, aikin shara, in ji ta, na gwamnati. Bai taɓa tambayar a ina ba. Mai sayar da turare da shadda ba ya zama yana hirar tsintsiya. In mutane sun tambaya yakan ce tana ofis.

"Yau kuma ina ka ajiye, Baban Raudatu?"

"Bayan gada! Ni! Mutumin nan ya tsane ni, wallahi hassada ce."

"Allah sarki," ta ce, tana duban wandonsa da ya fara yi masa yawa. "Ƙara miya."

Alhaji ba kanwar lasa ba ne. Kowace dabara a gaban tuwo yake tsara ta da ƙarfi, Muniratu na jinjina kai tana yaba basirarsa. Ya buɗe bonet ya tsaya da sifana kamar mota ta mutu. Direban ya jira shi cikin natsuwa, sai ka ce shi ya kai ta sabis. Ya kwantar da kujera ya rufa da bargo. Aka yi ta hon har unguwa ta leƙo. Ya aro motar wani ɗan garinsu ya ajiye a gurbin, ya sa hular sanyi da gemun roba. Direban ko duba na biyu bai yi ba, ya danna hon.

Shi ya sa yau ya rantse ba inda za shi. Ya sa shaddarsa mafi tsada, saboda in za a yi rigima a bainar jama'a, gara a yi ta cikin kyan gani.

Ga motar shara nan ta shawo kwana. Ta kewaye wannan, ta kewaye wancan, ta tsaya a bayansa. Hon. Alhaji ya gyara hula. Motoci suka yi layi har bakin babban titin Grand Concourse, tagogi suka cika da kawuna, Kadri can gefe ya kunna inji ya ajiye cokali.

Alhaji ya fito da famit ɗinsa a hannu, ya taka har gindin motar shara, ya ɗaga kai. Can sama bayan gilashi ga direban, hula har gira, baƙin tabarau, takunkumin ƙura a fuska.

"Kai! Ka san ko ni wane ne a unguwar nan?" Ya faɗa da Hausa, ya maimaita da Faransanci, ya ƙarasa da Turancin da ya samu. "Me na tare maka? Duk titin nan ni kaɗai ne shara? In kai namiji ne, sauke gilashin nan ka dube ni!"

Gilashi ya sauka a hankali. Aka zare tabarau, aka ja takunkumi ƙasa.

"Baban Raudatu, ja motarka," in ji Muniratu. "Likita cewa ya yi ka taka ƙasa kullum, ni kuwa Talata da Juma'a kawai suke ba ni titin nan."