Wasiƙar da Ta Tare Motar Mushe Manzo

Ranar kasuwa jandarma suka tare motar Mushe Manzo, wato Malam Manzo a bakin 'yan boko, a hanyar Kelle, da mutum bakwai a ciki da akuya a baya. Shugabansu Ajidan Rashidu, wanda ya taɓa zama ɗalibinsa, ya nuna masa wata wasiƙa marar sa hannu, rubutun hannu cikin Faransanci mai tsabta, wai tsohon malamin lekol ɗin, wato makarantar boko, yana haya da motar gida. Ko dai ya mai da takardunta na haya, ko a kulle ta.

"Haya? Ni?" Manzo ya daka tsawa. "Ga su nan, a tambaye su! Wa ya taɓa ba ni ko dala?"

Babu wanda ya taɓa, kuma duk garin Gure an sani. Tun da ya ajiye alli ya sayi motar da kuɗin sallamarsa ta zama ta dangi. Mai biki a Gamu, mai ta'aziyya a Alakos, mai ganin likita a Damagaram, duk a ƙofarsa suke tsayawa, su sauka da "Allah ya saka". Man mota da taya kuwa daga aljihunsa. Da wane baki mutum zai tambayi ƙanwar uwarsa kuɗin mota? Matarsa Biba ta gaji da faɗin cewa motar nan a gareji za ta mutu, tukunyar gidan ta bi ta.

Dangi suka cika zaure suna jaje. Ƙaninsa Aisami ya rantse aikin direbobin tasha ne, ya ce a je a ba ajidan haƙuri.

"In durƙusa wa yaron da na koya wa riƙon alƙalami?" in ji Manzo. "Ba zan roƙa ba, ba kuma zan ajiye ta wani matsoraci ya yi dariya ba. Haya suke so? To, za su ga haya!"

Ya sayar da raguna biyun da ya yi wata uku yana kiwo, ya nufi Damagaram. Takardun da wasu ke mako biyu suna haɗawa, shi daga jaka ya zaro su a jere. Ya sake kart giris, takardar mallakar mota, ya biya patanti, harajin sana'a, ya biya asuransin fasinja mai ɗan karen tsada, ko ƙorafi bai yi ba. Da ya dawo sai ya wuce tasha kai tsaye, ya yi rajista da sandika, ƙungiyar direbobi, ya shiga layi.

Inna Zara, ƙanwar uwar tasa, ce ta fara zuwa za ta Gamu. Manzo ya sunkuyar da kai, abin tausayi.

"Inna, yanzu ba hannuna ba ne. Sandika ke yankar tikiti."

Tsohuwa ta kwance bakin zane ta biya, tana ja wa marubucin wasiƙa Allah ya isa. Duk tasha aka amsa da amin. Manzo yana can yana goge gilashi.

A shingen fita gari ajidan ya karɓi takardun ya duba ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa da hannu biyu. Sannan ya sunkuyo ta taga, ya rage murya.

"Mushe, takardunku sun cika. Amma in za ku sake aiko mana wasiƙa, ku sa wani ya rubuta. Shekara shida na yi ina kwafar rubutun nan daga allo."