Tuffa Uku don Teburin Mamaci

Tuffar da Okbun ta zuba a kwando duk ƙanana ce, masu tabon ƙanƙara, irin wadda ake gurzawa a jiƙa nama. Mansik, ƙanin mijinta, ya ɗaga ɗaya, ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ya ji ta yi laushi, ya yi wurgi da ita.

"Matar Yaya, wannan za ki ɗora wa mijinki? Mutumin da ya yi shekara talatin yana noman tuffa?"

"Ita ke akwai, ɗan birni. Je ka wanke hannu."

Yau shekara guda da rasuwar yayansa, bugun zuciya aka ce masa ta waya. An jera shinkafa da kifi a teburin mamaci, wanda ake shirya wa marigayi ranar tunawa da shi, saura tuffa, kuma duk yankin Cheongsong an san sai manya masu nauyi, guda uku, a yanke musu kai. Mansik tasi yake ja a birnin Daegu, amma bai manta wannan ba. Ga sabon ɗakin ajiya a bayan gida, an liƙe shi ruf tun kaka, danƙare da zaɓaɓɓiyar tuffa. Rowar matar nan ta ƙona masa rai.

Ya ɗauki guduma. Ƙofa ta gagara, sai ya koma kan 'yar tagar gilashin da ke jikinta. Yana hango tuffar jajur, kusa-kusa. Ya ji Okbun na ƙwala masa kira daga kicin, ya ƙara wa guduma ƙarfi.

Kwaɗon tagar ya faɗi. Ya buɗe tagar, ya sunkuya zai zura kai.

Shebur ya same shi a gefen kunne. Ya kife, ya yunƙura, Okbun ta ƙara masa a gwiwa, wani abu ya yi ƙas. Ya cafko ƙafarta ya fizgo ta ƙasa, ta gantsara masa cizo a hannu, ta shaƙo wuyan rigarsa tana jansa a kan tsakuwa kamar buhu. Sai da ta kai shi tsakar gida ta koma ta buga tagar ta rufe.

Ya tofar da jini da guntun haƙori.

"A kan tuffa uku za ki kashe ni?"

Ta durƙushe tana haki, hawaye na bin fuskarta.

"Ɗakin nan babu iskar shaƙa, an zuƙe ta don kada tuffa ta tsufa. Yayanka ma guda uku kawai ya leƙa zai ɗauko, bai sake ɗagowa ba."