Mahadi-Ka-Ture

Sau uku katafila ta bangaji rumbun, sau uku tana ja da baya. An riga an baje ƙauyen saboda ruwan madatsar Bakolori, rumbun kaɗai ya rage.

Direban ya sauko yana share gumi. "Baba, da me aka gina wannan abu?"

"Jar ƙasa da makuba," in ji tsohon mai rumbun. "Kakana ya gina shi. Mahadi-ka-ture muka ce mai."

"Me ake nufi?"

"Tun kakanni, in gini ya yi ƙarko, sai a ce babu mai ture shi sai Mahadi, in duniya ta zo tashi. Kai ko, ɗana, ba kai ne Mahadi ba."

Direban ya yi dariya, ya ƙyale rumbun.

Da damina ta sauka, kullum tsohon yakan tako daga sabon matsuguninsu kusa da Maradun, ya tsaya kan tudu yana kallon ruwa yana hawa. Ran Talata ruwan ya kai gindin rumbun. Ran Juma'a babu komai a wurin.

Babu wanda ya ture shi. Jiƙa ya yi ya narke, duniya kuma ba ta tashi ba.