Awon Auta Ba Na Yaya Ba Ne

Yaya Tela ta fi kowa sanin jikin ƙanwarta Auta, domin ita ke yi mata ɗinki tun suna 'yanmata. Dukansu masu jiki ne. Tare suke haki idan za su hau benen da shagon Yaya yake, tare suke kukan ciwon gwiwa, kuma hakan bai taɓa damun Yaya ba. Damuwa ta soma ne ranar da Auta ta shigo da riguna uku a leda, ta ce a rage mata su.

Yaya ta zagaya tef a ƙugun Auta, ta duba, ta sake zagayawa. Inci huɗu sun tafi.

"Ke, lafiyarki kuwa? Ko maigidan naki ne ya daina cefane?"

Auta ta yi dariya. "Wallahi Yaya, likitar abinci nake gani a asibiti. Sai da ta sa aka gwada jinina, ta tambayi magungunan da nake sha da irin aikin da nake yi, sannan ta rubuta min yadda zan riƙa cin abinci. Duk wata nake komawa. Ki zo mu je tare mana, ke da kike fama da suga."

"Ni? In je wata yarinya ta koya min cin abinci? Shekara arba'in da biyar ina ci, ban taɓa kai loma hanci ba."

Baki ne ya faɗi haka, amma kishi ya riga ya kama ta. Duk wata Auta sai ta kawo ragi, Yaya ta farke, ta yanke, ta ɗinke, tana murmushin da bai wuce leɓe ba. Yanzu Auta kan hau benen tana waya, ko numfashinta ba ya sauyawa. Rannan wata sabuwar kwastoma ta dube su ta ce, "Hajiya, wannan 'yarki ce?" Shekara uku kacal ke tsakaninsu.

Da za ta sauke girman kai ta bi ƙanwarta asibiti, da an wuce wurin. Amma ina! Gani take yin haka faɗuwa ce. Sai ta bari Auta ta shiga bayan labule gwada riga, ta zura hannu a jakarta, ta zaro takardar likitar, ta ɗauki hotonta a waya, ta mayar.

Da ma a ce ta bi takardar yadda take, da sauƙi. Yaya ba so take ta kamo Auta ba, so take ta wuce ta. Ta soke karin kumallo gaba ɗaya. Abincin rana ta raba shi biyu. Ƙwayar suga kuwa ta ci gaba da haɗiya kamar kullum, a kan cikin da babu komai. Hannunta ya soma rawa har zare ya ƙi shiga allura, zufa na karyo mata ko fanka na juyawa. Ta ce a ranta kitse ne ke narkewa, har tana jin daɗi.

A rana ta goma sha biyu, da azahar, ta rungumo kayan da ta gama za ta sauko da su. A mataki na uku idonta ya rufe. Ta gangaro har ƙasa, ta danne hannunta na dama.

A gadon asibiti ta farfaɗo, hannu a naɗe, Auta na gefe tana kuka. Likita ya ce suganta ne ya faɗi ƙasa warwas, da an ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Wuyan hannun kuma ya karye wuri biyu. Ya sa aka kira likitar abinci, sai ga wadda Auta ke gani. Ta tambayi Yaya me take ci. Ba yadda ta iya, ta miƙa wayar da hannun hagu.

Likitar ta duba hoton, ta dubi Auta, ta dubi Yaya.

"Hajiya, rubutuna ne wannan, amma ba ke na rubuta wa ba. Mai takardar nan ba ta da suga, ba ta shan maganinki. An ce min ke tela ce. Kin taɓa yanka wa wata atamfa da awon wata?"

Yaya ta kau da kai, kunya ta hana ta kallon ƙanwarta.

"Haba Yaya," in ji Auta. "Sau nawa na ce ki zo mu je?"

An kwance hannun bayan wata biyu, amma yatsun sun ƙi riƙe almakashi. Ta gwada, ta sake gwadawa, ya riƙa suɓucewa yana faɗuwa. Daga baya aka lulluɓe keken ɗinkin da zane, aka rufe shagon.

Yanzu Yaya tana da tata takardar, mai sunanta a sama, da karin kumallo a ciki. Ƙibar na sauka a hankali, sugan ya daidaita. Da rigunanta suka yi mata yawa, ta zuba su a leda, Auta ta raka ta wurin wata tela. Ta ɗaga hannuwa ta tsaya, wata na zagaya tef a ƙugunta, hawaye na zubo mata.

Jama'a, ganin likitar abinci na taimakawa wajen rage ƙiba, amma sai idan kai aka duba, kai aka rubuta wa. Kada kishin ɗan'uwa ya sa ka ɗauki tsarin da aka yi wa jikinsa ka ɗora wa naka.