Yaƙin Alhaji Mas'udu da Sigarin Lantarki

Takardar gwamnati ta iso ranar Litinin, kafin Laraba har an kafa kwamiti. Layi huɗu ne kacal a cikinta: sigarin lantarki ya fara cin matasa a birane, a tashi tsaye kafin ya shigo karkara. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suka haɗa kwamiti guda, aka ɗora Alhaji Mas'udu a kujerar shugaba. Tsohon kansila ne, zaɓe biyu ke nan yana hangen majalisar jiha tana wuce shi.

A zaman farko awa uku aka kwashe ana muhawara kan launin hular 'yan kwamiti. Da aka gama, sakatariya Malama Barakatu, malamar sakandare daga Sheme, ta ɗaga hannu.

"Alhaji, cikinmu akwai wanda ya taɓa ganin abin nan kuwa?"

"Malama, sai kin ga Shaiɗan kafin ki nemi tsari daga gare shi?"

Aka tafa, aka wuce batu na gaba.

Dabarar Alhaji mai sauƙi ce. Za a ɗauki matasa ɗari shida 'yan sa-kai, a ba kowa riga da usur. Duk wanda ya ga mai shan wannan bala'i ya busa, jama'a su taru. Aikin sayo usur ya faɗa hannun Ɗanliti, ƙanen matarsa, wanda sana'arsa dillancin masara ce. Ɗanliti ya je Kano ya dawo da kwali goma sha biyu na usur na zamani, ja da kore da ruwan ɗorawa. Ya ce mai kayan sauri yake yi, shi ya sa ya sallama masa da araha. Aka biya da su wurin mai buga fosta kafin a raba.

Ranar ƙaddamarwa a Faskari, Alhaji ya ɗauki guda ya busa gaban jama'a har kumatunsa suka cika. Shiru.

"Na zamani ne, ranka ya daɗe," in ji Ɗanliti. "Sai an yi mashi caji."

Aka sake tafawa.

Abin da ya biyo baya ya ba kowa mamaki. Matasan da ko gayyar gyaran hanya ba sa fitowa suka riƙa layi tun da hantsi don a rubuta sunansu. Daga Yargoje wasu suka zo uku-uku a kan babur. Akwai waɗanda suka yi rajista sau biyu, Alhaji ya ce a ƙyale su, kishin ƙasa ba ya yawa. Masu rumfar cajin waya suka ƙara soket. Mako huɗu suka shuɗe, ba a ji ƙarar usur ko sau ɗaya ba a ƙananan hukumomi uku. Alhaji ya rubuta rahoto cewa an murƙushe annobar tun tana ƙwai.

Malama Barakatu ce ta fara ɓata lissafin. Ta ce tari ya yi yawa a ajinta, ɗalibai na yawan neman izinin fita, su dawo idanu jajur. Bayanta sai ga Mero, wata mai sayar da ƙosai a tashar Sheme, ta zo har ofis ta durƙusa. Ɗanta Gide, ɗan shekara sha bakwai, ya daina cin abinci, ƙirjinsa na kuka kamar tsohuwar ƙofa.

"Kuma ɗan kirki ne, Alhaji. Cikin 'yan sa-kanku yake."

Alhaji ya buga tebur. Wato maƙiya sun shigo ta bayan gida, har sun fara taɓa dakarunsa. Ya ba da umarni a tsare tashoshin mota, a caje duk baƙon da ya sauka. Cikin mako guda aka ƙwace tocila arba'in, da rediyon aljihu, da abin shaƙar wani tsoho mai asma wanda ya bi motar kwamiti da ƙafa yana haki. Aka ƙara ɗaukar matasa ɗari uku, aka sake tura Ɗanliti Kano.

Gide dai sai da aka kwantar da shi asibiti a Funtua, kwana tara yana shaƙar iskar oksijin daga tukunya kafin ya dawo hayyacinsa.

Bikin cikar kwamiti wata uku a Ƙanƙara aka yi shi. Rumfuna huɗu, maroƙa, da 'yan sa-kai sahu-sahu cikin rigunansu, ana ta tari ƙasa-ƙasa. Babbar baƙuwa ita ce Dakta Alheri, likitar da ta duba Gide. Malama Barakatu ce ta nace a gayyato ta. Tun da likitar ta zauna take kallon matasan, ba ta ko taɓa lemon da aka ajiye mata ba.

Da aka miƙa mata makirufo ta ce ba doguwar magana ta zo yi ba. Ta zo ne da abin da aka ciro daga aljihun yaron, don iyaye su gan shi su san shi.

Alhaji ya miƙe tsaye, ya gyara babbar riga, ya karɓi makirufon.

"Ku shaida! Duk wanda ya shigo da wannan guba ƙasarmu, ko ɗan wane ne, ko jinina ne, ni zan kai shi kurkuku da hannuna. Dakta, nuna mana maƙiyin."

Dakta Alheri ta kwance ƙullin leda a hankali, ta ɗaga abin sama yadda kowa zai gani.

Kore ne, da igiyar ratayawa a wuya, a jikinsa kuma ga tambarin kwamiti da hoton Alhaji Mas'udu yana murmushi.