Sulken da Yaya Ta Ƙera

Dodon ya kai wa jarumar duka har allon wayar ya girgiza, amma ko ƙwarzane ba ta yi ba. Auta ta kife wayar a kan kujera.

"Na daina wasan nan, Yaya."

Ran Yaya ya ɓaci. A wasan ita ce maƙeriya, Auta kuma mayaƙiya. Tun farkon hutu take haƙo ƙarfe tana hura wuta, duk don ta ƙera wa yarinyar nan sulken da ba ya huduwa.

"Ki daina? Da kullum kuka kike an kashe ki, yanzu kuma mene ne?"

"Ko barci nake zan ci. Jiya na tafi wanke-wanke na bar shi yana jibgata, na dawo na tarar shi ya gaji."

"To, uwar butulci, me kike so?"

"Ki narkar da shi."

Yaya ta ja dogon tsaki. Amma in Auta ta fita, da wa za ta yi wasan? Ta jefa sulken a wuta, tana kallo wahalarta ta zama ruwa. Ta ƙera mata 'yar garkuwa kamar murfin tukunya.

Duka ɗaya dodon ya yi, jarumar ta faɗi warwas.

Auta ta ƙwalla ihu, ta daki cinyar Yaya, idanunta na ƙyalli. "Kin ga saura ƙiris na kauce? Sake kunna mana!"